Ranar Sunan Kantin Ikilima

Shagon ɗinkina yana bakin babban titin unguwar Nima a birnin Akara, kuma mai wuni a kan keken ɗinki ƙafarsa ce ke aiki, idonsa yana kan titi. Don haka duk abin da ya faru da kantin Ikilima a gabana ya faru, tun daga bulon farko. In kun ji wani ya ba da labarin ta wata hanya, ku tambaye shi inda yake zaune a lokacin.

Sunana Sala. Ni da Ikilima tare muka tashi, tare muka yi tallar koko da ƙosai a bakin babbar kwatar da muke ce wa gota, wadda ta raba Nima da Maamobi. Daga baya ta tafi Landan, ta yi shekaru tana aiki a wani ƙaton kanti, ta dawo a farkon shekarar casa'in da kuɗinta na halal da Turanci mai fita ta hanci. Kuɗin guminta ne, ban ga laifinta ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne ta dawo tana jin kunyar bakinmu. Hausarmu ta Nima ai kun san ta: mace da namiji duk "kai" ne, a tsakiyar magana mu faɗa yaren Twi, mu fito ta yaren Ga, mu ƙarasa da Turanci. "Sosai" a bakinmu "paa" ne, "ko kaɗan" "kraa", aboki "chale", Bature kuma "obroni". Mutanen Kano in sun ji mu sukan riƙe baki. To, da ita dai uwayenmu suka rarrashe mu a goye, har da ita Ikilimar.

Kantin da ta gina Nima ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ƙofar gilashi, iyakwandishan, firij a jere, kantoci cike da kaya, mutum ya ɗauka da hannunsa ya kai wa 'yan mata biyu da ke karɓar kuɗi. A ciki wani kiɗan Turawa yana tashi a hankali kamar ana jinyar mara lafiya. A saman ƙofa aka kafa allo mai jan rubutu: Mayfair Supermarket. Ba wanda ya wahalar da harshensa a kan sunan, kantin gilashi muke ce masa.

Uban Ikilima shi ne Baba Mumuni mai ƙaho. Yaran yanzu suna ganinsa a gindin bishiya yana buga dara, ba su san shi ne shugaban Alheri Dance Band ba, waɗanda suka haɗa kiɗan hailaif da kalangu da goge, suna waƙa da Hausarmu ta Nima, har mutane na cika motocin haya na trotro daga unguwar Madina don su zo rawa. Dokar hana fitar dare ta zo ta kashe wasan, yunwa ta biyo baya aka sayar da gita da ganguna. Ƙaho kaɗai ya rage masa, sai amininsa Jibirilu mai kalangu, Basakkwace wanda shekarunsa a Akara ba su lanƙwasa masa harshe ba. Kuma al'adarmu ce, ko suna ne ko aure ko buɗe shago, su biyun nan sukan zo ba sai an gayyace su ba. Zuwansu shi ne shaidar cewa unguwa ta san da abin.

Ranar buɗe kanti Ikilima ta gayyato manyan mutane daga unguwar Kanda da wajen filin jirgi, ta kuma gaya wa maigadi kada ya bar makaɗa su yi mata hayaniya a ƙofa. Maigadin daga kamfani aka kawo shi, bai san kowa a Nima ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Baba Mumuni ya zo cikin tsohon kwat ɗinsa na bandi, an goge shi har yana ƙyalli, Jibirilu na biye da kalangu a hammata. Yana ɗaga ƙaho maigadi ya tare shi da sanda.

"No noise, old man. Madam ya ce babu maroƙa. Ku yi gaba."

Na bar keke na miƙe, amma kafin in tsallaka titi Baba Mumuni ya riga ya sauke ƙahon. "Yoo," kawai ya ce, ya juya. Ikilima tana ciki tana yanka kek, ba ta ga komai ba.

Mu mutanen Nima ba mu yi mata faɗa ba, ba mu yi zanga-zanga ba. Ƙin shiga kawai muka yi. Mata sukan tsaya a gaban gilashin su gyara ɗaurin kallabi, su wuce kasuwa. 'Yan kaɗan da suka shiga ma ba su ji daɗi ba. Goggo Amama, ƙanwar Baba Mumuni, ta daure ta je don zumunci. Ta yi sallama ba a amsa ba, ta sami kwalin madara ta zauna tana jira a zo a tambaye ta abin da take so. Yarinyar kanti ta ce mata ta je ta ɗauka da kanta.

"In ɗauki kayan mutane da hannuna?" in ji Goggo. "Ni ɓarawo ne? Ko gaisuwa babu kraa, ko ya ya gwiwa babu!" Ta fito tana faɗa har masallaci.

Ikilima da ta ji abin da aka yi wa ubanta, ta je gida ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya sa albarka. Yana cin abincin da take aika masa, yana amsa gaisuwarta da fara'a. Amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙofar kantin ba, masallaci ma ta lungun baya yake zagayawa don kada ya wuce ta gabansa. Wannan shi ne abin da ke cin ta. Kanti ba ciniki ta iya daurewa, amma a ce ta gina abu da guminta ubanta bai taɓa ganin cikinsa ba, wannan ya hana ta sukuni, har ta rame.

Wata ranar Laraba ta shigo shagona ta zauna a kan tarin atamfa, ta cire tabarau.

"Sala, honestly, I don't understand," ta ce. "Na roƙe shi, ya ce ya yafe. Me ya rage?"

"In za ka yi magana da ni, ka sauko daga jirgi tukuna," na ce mata. "Ruwa ba ya tsami banza. Baba ya yafe ma yaronshi, amma wancan gilashi bai san shi ba. Wa ya sa mashi suna? Wa ya ci goronshi? Ko jariri ne aka haifa aka ɓoye, ba suna ba rago, wa zai ɗauka ya yi mashi wasa?"

Zolaya nake yi, Allah ya sani. Amma sai na ga tana kallon allon nan mai jan rubutu ta tagar shagona. Can ta kwashe da dariya, irin dariyarta ta dā mai buɗe baki duka, wadda ban ji ba tun dawowarta.

"To, za a yi suna," ta ce. "Da rago da goro da komai. Kuma wa ke raɗa ma jika suna in ba kaka ba?"

Washegari ta kira Jalilu mai rubutun allo, wanda ke zana bayan motoci a tashar Circle. Ya hau tsani ya kankare Mayfair tas, ya shafe allon da farin fenti, ya bar shi babu harafi ko ɗaya. Wanzamin unguwa da ya zo wucewa ya tsaya ya ce an yi wa jariri aski ba a kira shi ba, sai an biya shi haƙƙinsa. Daga nan labari ya bazu. Kafin la'asar har Maamobi an san Ikilima za ta yi wa kanti suna, rabin mutane na cewa sanyin Landan ya taɓa mata kai, rabi na tambayar ko za a dafa waakye, wato shinkafa da wake.

Limamin unguwa da aka kai masa zancen ya gyara rawani ya ce a shari'a ba a yi wa gini suna, wannan walima ce da addu'a. Sannan ya ƙara da cewa amma rago dai rago ne, zai zo.

An rufe kantin ana gyara. Ikilima ta sa aka ajiye benci a bakin ƙofa don tsofaffi, ta zaunar da 'yan matanta ta koya musu cewa kafin a taɓa kuɗin mutum sai an tambaye shi gida da yara da gwiwa. Jalilu kuwa ya sami abin da yake so. A kan kowace kanta ya rataya ɗan allo da bakinmu. Wajen shinkafa ya rubuta, "Babu dutse kraa." Wajen sabulu, "Chale, wanka ba zunubi ba ne." A jikin firij, "Sanyi paa, rufe da sauri." A ƙofa kuma da manyan haruffa, saboda Goggo Amama, "Ɗauka da hannunka, ba sata ba ne." Goggon da kanta ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta fito da tsohon faifan Alheri Dance Band da hotunansu, aka juye faifan a kaset, aka manna hotunan a bango. Da aka gwada kaset ɗin, mai gyaran firij ya ajiye sukudireba ya hau rawa shi kaɗai.

Aka raba goro gida-gida kamar yadda ake gayyatar suna. Na Baba Mumuni liman ne ya kai da kansa, ni kuma na bi shi don kunnena ya ji.

"Mumuni, an yi maka jika," in ji liman. "Uwar ta ce ba mai raɗa suna sai kai. Ranar Lahadi da safe."

Baba Mumuni bai ɗaga kai daga kan dara ba. Ya karɓi goro ɗaya, ya ɓare, ya miƙa wa Jibirilu rabi, ya jefa rabi a baki. "Goro mai kyau," ya ce. Ya tura ɗan dararsa gaba. Iyakar abin da muka samu ke nan.

Na koma na gaya wa Ikilima. "Ya ce zai zo?" ta tambaya. Na ce ya ci goro. "Sala, ya ce zai zo?" Na ce goron dai ya ci. Ta zauna a kan bencin tsofaffi ta haɗa tagumi, ni ma tausayinta ya kama ni.

Ranar Lahadi Nima ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta. An shimfiɗa tabarmi a gaban kanti, malamai sun zauna, rago na ɗaure a jikin fal ɗin lantarki yana cin bawon rogo. Tukwanen waakye na tururi a gefe. Direbobin trotro suna rage gudu, fasinja na leƙowa ta taga. Jalilu yana saman tsani da gwangwanin fenti da buroshi, yana jiran a faɗi suna ya rubuta. Ikilima na tsaye cikin farin leshi da ni na ɗinka, idonta a kan hanyar gidansu.

Aka yi addu'a aka shafa. Aka sake wata. Rana ta ɗaga, inuwa ta janye daga kan tabarmi, malamai suka fara fifita da hula. Baba Mumuni bai zo ba, Jibirilu ma babu labarinsa. Jalilu ya leƙo daga sama ya ce fentinsa na bushewa. Wani ya ce liman ya sa sunan kawai a ci nama. Na san in aka watse a haka Ikilima ba za ta ƙara ɗaga kai a Nima ba.

Ta karɓi lasifika daga hannun ladan. "Distinguished elders, ladies and gentlemen," ta fara.

"Ka yi magana mu ji!" Goggo Amama ta daka mata tsawa daga cikin mata. "Nan ba Landan ba ne!"

Aka fashe da dariya. Ikilima ta tsaya, fuskarta ta haɗe. Na san fuskar nan, ita take yi dā in wani ya sha koko ya ce zai kawo kuɗi gobe. Ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya.

"Yoo, ku ji to!" ta ce. "Ni Ikilima ne, yaron Mumuni mai ƙaho. A bakin gota aka haife ni, ƙosai na sayar ma rabinku, wasu har yau ba su biya ba, na san ku! Na tafi ƙasar obroni na dawo da girman kai, na sa aka kori ubana a ƙofana. Na yi wauta paa. Da ƙahon nan ya saya mini yunifom, da shi ya saya mini takalmi, ni kuma na ce hayaniya ne. Malam, kar ka sa suna. In Baba bai zo ba, allon nan haka zai zauna fari har ya yi tsatsa. Ku ci waakye ku tafi, ni ina nan ina jiranshi."

Babu hanci a maganar ko kaɗan, Nima ce zalla, kamar ba ta taɓa ganin jirgi ba. Rago ya amsa mata da kuka.

Sai muka ji ƙaho. Daga lungun wanzami ya taso, dogon busa guda, sannan kalangu ya amsa. Tsofaffin mata suka gane kiɗan tun kafin ya kai ko'ina, suka saki guɗa. Baba Mumuni ya fito cikin kwat ɗinsa, kumatu a kumbure, Jibirilu na gefensa, bayansu kuma ga wasu tsofaffi uku na bandin da muka ɗauka sun daina motsi, ɗaya da goge, ɗaya da gita ta aro, ɗaya da kwalba da ƙusa. Daga baya Jibirilu ya gaya mini tun da aka fito masallaci suna zaune a shagon wanzami. Baba ya ce ba zai fito ba sai ya ji da wane baki 'yarsa za ta yi wa Nima magana.

Ya zo gaban liman ya sauke ƙaho, ya sunkuya ya raɗa masa suna a kunne. Liman ya toshe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya raɗa wa Jibirilu, don shi ne mai shela.

"Haba Mumuni!" in ji Jibirilu. "Wannan wane irin suna ne? Rabi Hausa, rabi abin da ban sani ba. A Sakkwato in na faɗi wannan sai a ce na sha wani abu."

"Faɗa dai, nan Nima ne," in ji Baba Mumuni.

Jibirilu ya matse kalangu, ya ɗaga murya. "Jama'a, jariri ya samu suna! Sunansa Namu Ne Paa! Allah ya raya, Allah ya sa albarka!"

Ihun da aka yi na tabbata an ji shi har unguwar New Town. Aka yanka rago. Jalilu ya hau rubutu yana rawa a kan tsani, har harafin ƙarshe ya ɗan karkace, kuma haka yake a karkace har yau don Ikilima ta hana a gyara. Goggo Amama ta manta da gwiwa ta shiga fili. Wani direban trotro ya kashe mota a tsakiyar titi ya sauko, fasinjojinsa suka biyo shi. Ni kaina na yi rawar da na kwana biyu ina shafa man zafi.

Ikilima ba ta yi rawa ba. Tana tsaye a bakin ƙofar gilashi ta riƙe ta a buɗe, tana kallon ubanta. Suna dai an yi, amma bai shiga ba tukuna.

Da kiɗa ya lafa, Baba Mumuni ya miƙa wa Jibirilu ƙaho, ya share gumi, ya tako a hankali har bakin ƙofa. Maigadi ya ƙame ya sara masa kamar ya ga janar. Baba ya leƙa ciki, ya ga kantoci, ya ga hotonsa yana saurayi a bango, ya ji muryarsa na fita daga kaset. Ya daɗe yana kallo. Sai ya dafa bango ya sunkuya, ya fara kwance igiyar takalminsa.

"Baba, kanti ne," Ikilima ta ce a hankali. "Ba a cire takalmi."

"Na sani," ya ce, bai ɗago ba. Ya cire ɗaya, ya cire ɗayan, ya jera su a bakin ƙofa. Sannan ya miƙe ya dube ta. "Tun ina yaro aka koya mini, in za ka shiga wurin babban mutum, ka bar takalmi a waje. Kai ka gina wannan da hannunka, Ikilima. Ka zama babban mutum."

Ya taka tayil ɗin da safa, ɗaya har da huji a babban yatsa. Mutanen da ke bayansa da suka ga haka, ba wanda ya tambayi dalili, kowa ya hau zare silifa. Liman ya cire, malamai suka cire, direban trotro ya cire, kafin ka ce kwabo ƙofar kanti ta koma kamar ƙofar masallaci ranar Juma'a, 'yan matan kanti na ta faman cewa sannu da zuwa, ya ya gwiwa.

Ikilima kuwa kuka take yi a fili, ba ta ko ɓoyewa, kuma ni ma na taya ta. Ta durƙusa a cikin tarin silifan nan ta ɗauki takalman ubanta, da ƙurarsu da komai, ta rungume su a kan farin leshinta, ta bi bayansa zuwa ciki.